Wanda Bai Waiwaya Ba

Tun yana yaro ake ce masa Zomo, kuma ba don gudu ba. Kunnuwa Allah ya ba shi a wadace, manya, tsaitsaye, irin waɗanda hula ba ta iya rufa wa asiri. Kuma ba girman banza ba ne. Ana zaune a tsakar gida zai ɗaga kai ya ce, "Ga Baba nan," a yi masa dariya, sai can an jima a ji ƙarar keken tsohon a bakin layi. Yayyensa sun daina gulma in yana gida. Mahaifiyarsa kuwa cewa take yi yaron nan ko tururuwa ta yi tari sai ya yi mata sannu.

Ya girma da sunan, ya yi aure da shi, ya shiga aikin gadi da shi. Ya yi gadin ma'ajiyar siminti, ya yi na wata makaranta, daga baya ya samu ƙofar wani babban kantin tufafi da takalma a bakin titi, kuma a nan furfura ta same shi. Kanti ne mai bangon gilashi. Daga ciki sanyi da ƙamshin sabon yadi, daga waje kuwa duniya ce zube: masu babur a jere suna jiran fasinja, 'yan dako, masu talla, mai facin taya, da waɗanda ba su da sana'a sai jiran abin da zai faru. Zomo na tsaye a tsakani, cikin kaki mai ruwan toka wanda matarsa ke goge masa har karin wandon ya yi kamar zai yanka yatsa.

Yana nan aka kawo Tagwaye. Haka ma'aikatan kantin suka raɗa wa wasu allunan roba biyu, tsayin kafaɗar mutum, da aka kafa a bakin ƙofa, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne da 'yar jar fitila a ka. Mai gyaran da ya kafa su mutum ne mai tumbi, mai son a tambaye shi, ya kuwa gamu da mai tambaya.

"Malam, zo ka gaisa da abokan aikinka," ya ce wa Zomo. "Wannan na dama aikinsa kira. Ba ya gajiya, ba ya hutawa, amma da muryar da kunnen ɗan Adam ba ya kamawa, irin ta rediyo. Wannan na hagu kuma saurare kawai yake yi."

"To wa yake kira?"

Mai gyaran ya zaro wata roba mai tauri daga aljihu, ba ta wuce murfin kwalba biyu ba, da siririyar ƙusa a jikinta. Ya ɓalle ta ya nuna masa cikin. Babu batir, babu komai, sai zaren jan ƙarfe a nannaɗe da wata 'yar ƙwaya a gefe.

"Wannan yake kira. Ita ba ta da rai sai an kira ta. Da ta shiga tsakaninsu kiran ya taɓa wayar nan, sai ta amsa, ko tana so ko ba ta so. Na hagu na jin amsar sai ya ƙwalla ihu."

"Ke nan ya san ɓarawo?"

"Ina! Bai san ɓarawo ba, bai san alƙali ba. Amsa kawai ya sani. In mutum biyu suka bi tare ba zai ce maka wannan ne ko wancan ba. Nan aikinsa ya ƙare, naka ya fara."

Wannan magana ta yi wa Zomo daɗi, ya riƙe ta. Robar nan kuwa kafin a tashi aiki an riga an sa mata suna kaska, don yadda take kama riga ba ta saki. Ja ba ya cire ta, sai dai ya yaga rigar, saboda wasu 'yan ƙwallayen ƙarfe ne a ciki suke danƙe ƙusar. A teburin biyan kuɗi kaɗai take sakin jiki, inda aka binne wani ƙaƙƙarfan maganaɗisu: a ɗora ta a kai, ya janye ƙwallayen, ƙusa ta zame. Ƙananan kaya kuma, irin su safa da turare, sitika ake liƙa musu mai irin wannan waya a shimfiɗe a ciki, in an biya sai a goga ta a kan wani allo ya ƙona mata wani ɗan wuri, ta mutu. Wadda ke wannan aiki ita ce Anti, mai karɓar kuɗi, mace mai saurin hannu da ciwon kai. Duk sanda Tagwaye suka yi ihu sai ta runtse ido ta dafe gefen goshi ta ce, "Waɗannan 'ya'ya za su kashe ni."

Zomo ya ƙware a ƙofar nan ƙwarewar da ba a koyarwa. Ya gane cewa mafi yawan ihun Tagwaye ba na sata ba ne. Wani lokaci Anti ce ta manta kaska a ƙasan wando. Wani lokaci sitika ce ba ta mutu da kyau ba, ta farfaɗo a hanya. Wani ma shigowa yake yi da takalmin da ya saya a wani kanti, da sitikarsa a ɓoye a ciki, Tagwaye su tare shi da kuka tun bai taɓa komai ba. Don haka Zomo bai taɓa kunyata mutum ba. Zai matso ne, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Yi haƙuri, ranka ya daɗe, na'urarmu ce mai rigima, ɗan dawo mu duba." Ko wanda ya kama da riga a cikin riga, haka yake masa magana, ya riƙe shi ta gwiwar hannu kamar ɗan'uwa, ya kai shi ofis.

Kalma ɗaya ce ya haramta wa bakinsa, ita ce "ɓarawo". Ya taɓa ganin abin da take yi a titin nan, a ƙofar wani kanti can gaba. Bai ga farkon ba, ƙarshen ya tarar: takalmi ƙafa ɗaya a kwance, da ruwan da ake ta kwarawa ana wanke kwalta. Mutanen da suka yi aikin kuwa su ne dai waɗanda yake gaisawa da su kowace safiya. Tun daga ranar in ya kalli masu babur suna raha, sai takalmin nan ya faɗo masa a rai.

Yana da ƙa'ida guda kuma, wadda yake alfahari da ita har yana koya wa masu gadin maƙwabta. Mutane na cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Zomo yakan ce wannan ai ɓarawon kaza ne, ɓarawon kanti ya wuce nan. Mai gaskiya shi ne ke zabura in Tagwaye suka yi ihu: ya tsaya cak, ya waiwaya, ya fara buɗe jaka tun ba a tambaye shi ba. Wanda ya ɗauki abu kuwa ya san za a yi ihun, ya shirya masa tun daga ciki, sai ka ga ya miƙe abinsa ko gezau, kamar ba da shi ake ba. "Ku daina kallon mai rawar jiki," in ji Zomo. "Wanda bai waiwaya ba, shi ne naku." Kuma a gaskiya ƙa'idar ta daɗe tana yi masa aiki.

Abin ya fara ne da wata rana da ya tare wata mata cikin ladabi ya ce ta ɗan dawo. Matar ta dube shi, ya dube ta. Anti ta ɗago daga teburinta ta ce, "Baba Zomo, ai ba su yi kuka ba." Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya ba matar haƙuri. Amma shi yana jin kukan. Siriri, mai kaifi, daidai muryar Tagwaye, sai dai ba daga ƙofa yake fitowa ba. Ya tafi gida da shi, ya kwana da shi, ya tashi da shi. Shekarun da ya yi tsaye kafaɗa da kafaɗa da ihun nan, ashe ihun yana neman wurin zama ne, ya kuwa samu.

Daga nan abubuwa suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kuma masu siririn sauti ne suka fara tafiya. Tsuntsayen da ke kan wayar lantarki suka zama masu buɗe baki kawai. Wayarsa sai ya ga haskenta. Jikarsa in ta zo tana ba shi labari, sai ya yi ta gyaɗa kai yana murmushi har ta gaji ta tafi. Ƙarar babbar mota yana ji, bugun ƙofa yana ji, maganar namiji in yana fuskantarsa yana tsinta, rabi da kunne rabi da kallon leɓe. Amma ihun Tagwaye na gaske ya narke a cikin na kansa, har ya kasa raba su.

Matarsa ce ta fara ganewa, don mace ba ta shekara da shekaru tana yi wa mutum magana ta kasa sanin ranar da ya daina ji. Wata safiya ta shigo ɗaki da sauri ta sauke butar shayi daga wuta.

"Malam, butar nan ta kusa tsagewa da fito, kana zaune a gabanta."

"Tunani nake yi."

"Tunanin nan naka ya yi yawa kwanan nan."

Ta zagaya bayansa ta ɗan jima, sannan ta dawo gabansa ta tsuguna.

"Me na ce yanzu?"

"Kin ce shayi ya yi."

"Cewa na yi na samu wani mijin, gobe zan tafi." Tana dariya, amma idonta ba ya yi. "Baban yara, tashi mu je asibiti."

Sun je. Likita ya leƙa, ya gwada, ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, amma akwai na'urar da ake maƙalawa a bayan kunne ta taimaka, kuma ya kamata ya nisanci ƙara. Zomo ya yi godiya, suka fito. A hanya ya ce wa matarsa ita ma ta san ba zai yiwu ba. Duk jikinsa babu inda ya fi kunnen nan fitowa fili, a nan za a maƙala masa kaska ya tsaya a ƙofa kowa na gani? Wane kanti ne zai ajiye mai gadin ƙararrawa wanda ba ya jin ƙararrawa? Kuma a shekarunsa, in ya bar ƙofar nan wace ƙofa ce za ta karɓe shi? Tsoro yake ji, kuma ba na zaman gida kaɗai ba. Tunda ya yi wayo abu ɗaya aka san shi da shi, bai san wane ne zai rage ba in aka cire wannan.

"Ai akwai fitila," ya ce mata. "Duk sanda suka yi ihu jar fitila na kamawa. Gani ya kori ji."

"An ce in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira," ta ce. "Ni ban ji an faɗi abin da ke samun jikin da kunnensa bai ji ba."

Ya yi kamar wannan ma bai ji ba.

Fitilar ta rufa masa asiri na wani lokaci. Ya sauya wurin tsayuwa, ya koma inda kan Tagwaye ke gefen idonsa, ja na walƙawa yana motsawa, har wasu na cewa Baba Zomo tsufa ƙara masa kaifi yake yi. Sai aka kawo sabon manaja, mutum mai tafiya kamar ya bar tukunya a wuta, wanda ba ya iya ganin fili bai liƙa masa talla ba. Wata safiya Zomo ya zo aiki ya tarar an sa wa Tagwaye riguna. Kwali ne mai sheƙi, an zura musu tun daga ka har ƙasa, da hoton wata mata tana dariya tana riƙe da takalmi. Kira na ratsa kwali, amsa na ratsa kwali, ihu ma haka. Fitila ce kaɗai ba ta ratsawa.

Ya tari manajan a bakin ofis, hula a hannu.

"Yallaɓai, rigunan nan sun yi kyau. Sai dai sun rufe fitila."

Manajan ya dafa kafaɗarsa yana dariya. "Haba Baba! Mai kunne irin naka me zai yi da fitila? Ai tun kafin in zo aka ba ni labarinka."

A nan ne ya kamata ya faɗa. Maganar ta zo har bakinsa, ta ga fuskar manajan cike da yarda, ta koma. Ya ce, "Haka ne, yallaɓai," ya mayar da hularsa.

Daga ranar ya koma karanta mutane. Ihun Tagwaye ba ya ɓuya a jikin mai ji: kafaɗu na ɗagawa, kawuna na juyawa gaba ɗaya, yaro na kama zanen uwarsa. Ga kuma Anti, wadda hannunta ba ya fashin zuwa goshi. Ita ce ta zama fitilarsa ba tare da ta sani ba. Amma aiki ne mai cin rai. Ido biyu ne da shi, ga ƙofa, ga teburin Anti, ga fuskokin jama'a, kuma ba ya isa ya sunkuya ɗaure takalmi. Yakan koma gida wuyansa a sandare.

Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Wata rana Anti ta shiga bayi, kantin babu mutane sosai, wani ya fita da jaket Tagwaye na ta ihu, Zomo na tsaye yana kallon titi hannu a baya. Ya ce hankalinsa ne ya tafi kan wata mota da ta kusa buge mai talla. Aka bar shi. Da abin ya sake faruwa, manajan ya kira shi ofis ya rufe ƙofa, kuma babu dariya a wannan karon. Zomo ya kafa wa leɓensa ido don kada kalma ta kuɓuce masa.

"Baba, ina ganin girmanka. Amma mutane sun fara magana. Suna cewa Tagwaye na ihu kana kawar da kai, wai ko da saninka ake fita da kayan."

"Ni, yallaɓai?"

"Ban ce na yarda ba. Amma in aka sake fita da ko safa ce kana tsaye, ba zan iya kare ka ba."

Ya fito daga ofis ɗin. Ya ɓoye kurumta don kada a ce ya gaza, ga shi ana shirin ce masa ɓarawo. Ko a nan bai faɗa ba. Ya ƙudura dai a ransa cewa ko ƙuda ba zai sake wuce shi ba.

Ranar da abin ya faru rana ce ta ciniki, da yamma, kanti cike. Ya lura da mutumin tun shigowarsa, don ba irin masu zuwa nan ba ne: dattijo ne kakkaura, riga wankakkiya amma tsohuwa, da farin gari a girarsa da gefen wuyansa, irin na mai aiki a injin niƙa. Ya daɗe a wajen takalman mata yana juya wani yana gwada tsayinsa da tafin hannu. Daga nan jama'a suka shiga tsakani, Zomo bai ga ko ya bi ta teburin Anti ba.

Can sai ga shi ya nufo ƙofa da leda a hannu. Mutane da dama suka bi tsakanin Tagwaye a tare, har da wata mata mai babbar jaka da tabarau. Sai Zomo ya ga kafaɗu sun ɗaga. Ya ga hannun Anti ya tafi goshi. Kowa ya tsaya cak ya waiwaya, matar mai tabarau har da dafe ƙirji. Mutum ɗaya ne bai tsaya ba. Mai garin nan ya sauka matakala abinsa, ba sauri ba nawa, yana kaɗa ledarsa.

"Malam!" in ji Zomo. "Malam, ɗan dakata!"

Bai waiwaya ba.

Zomo ya ratsa mutane ya fito. Gwiwoyinsa ba na da ba ne, mutumin kuma ya riga ya kai bakin kwalta, yana shirin shiga tsakanin motoci. Ya sake kira, ya sake. Ko gezau. Ya tuna ofis da ƙofar da aka rufe, ya tuna "ko safa ce". Ya ga bayan rigar na nisa. Sai bakinsa ya buɗe, kalmar da ya tsare shekara da shekaru ta fita, kuma da yake ya daɗe da daina sanin ƙarfin muryarsa, ta fita da ƙarfin da ya isa har tsallaken titi.

Bai ji titin ya amsa ba, gani ya yi. Masu babur suka diro daga kan baburansu kamar dama jira suke yi. Mai faci ya taso da ƙarfen cire taya. 'Yan dako suka watsar da abin da ke hannunsu. Mutumin bai ma san ana zuwa ba, bai gudu ba, bai kare kansa ba. Na farko ya same shi ta baya, a gefen kai, ledar ta yi sama. Kafin Zomo ya isa, ba a ganin komai sai bayan mutane da hannuwa na tashi suna sauka.

Ya kutsa da kafaɗa, yana ture waɗanda yake gaisawa da su kowace safiya. Ya tarar da mutumin a ƙasa, ya dogara da gwiwar hannu ɗaya, bakinsa na maimaita abu guda. Zomo ya karanta: me na yi, me na yi. Ana ta yi masa ihu ta ko'ina, shi kuwa ba idon kowa yake kallo ba. Bakunansu yake bi da kallo, daga wannan zuwa wancan, ya karkatar da kai gefe guda yana miƙo kunnen hagu, kunnen da jini ke fita daga cikinsa. Zomo ya san wannan kallo. Ya san wannan karkata kai. Kullum da su yake zuwa aiki.

Ya faɗa kan mutumin ya rufe shi da jikinsa. Wani duka ya same shi a baya, wani a kafaɗa, sannan kakin ya sa aka dakata. Manajan ya iso yana haki, yana ɗaga hannu, ya ce a dawo da shi ciki a gani. Aka ɗago mutumin, wani ya tsinto ledar, aka jawo su zuwa ƙofa jama'a na biye, aka ratsa da su tsakanin Tagwaye.

Duk wanda ke wurin ya san amsar nan take, ban da mutum biyu. Zomo ya dubi kafaɗu, ba su ɗaga ba. Ya dubi Anti. Hannunta bai je goshi ba, baki ya je ya rufe. Ta taso ta karɓi ledar ta zazzage: takalmin mace ne, baƙi, marar tsini, irin na mai yawan tsayuwa.

"Ni na sallame shi," ta ce, tana kallon manajan. "Da hannuna na cire kaskar. Ya ce na matarsa ne. Sai da na nuna masa kuɗin a rubuce, don na yi ta faɗa bai gane ba."

Aka waiga neman sauran waɗanda suka bi ƙofar tare da shi. Suna nan, sun buɗe jakunkunansu. Matar mai tabarau ce kaɗai babu, ta bi ta ƙofar da mai gadinta ya bari a buɗe. 'Yan waje suka fara ja da baya ɗaya-ɗaya, kowa na duban wani wuri, mai faci ya ɓoye ƙarfensa a bayan cinya.

Mutumin ya zame ya zauna a ƙasa, nan tsakanin Tagwaye, ƙarƙashin hoton matar da ke dariya. Zomo ya durƙusa a gabansa. Ya cire hularsa ya naɗe ta ya danna a kunnen da ke jini. Ya matso da fuskarsa daidai ta mutumin, inda haske ke faɗa wa bakinsa, ya yi magana a hankali yana buɗe leɓe, yadda ya daɗe yana so a riƙa yi masa.

"Wanne ne mai ji?"

Mutumin ya kalli bakinsa, sannan ya ɗaga yatsa ya nuna wanda ke ƙarƙashin hular.

"Wannan ne ya rage," ya ce, da babbar murya marar hawa da sauka. "Injin ya cinye ɗayan."

Zomo ya ji kamar a tsaga ƙasa ya shige. Ya ci gaba da danna hular, don bai san abin da zai yi da hannunsa ba in ya sake ta.

A bayansa, manajan na ta faɗa da iska. In mutumin nan bai ɗauki komai ba, to me ya sa na'urar ta yi ihu? Ko lalacewa ta yi? Ya fizgi wata kaska daga teburin Anti, ya tako, ya miƙa ta tsakanin Tagwaye, daidai saman kan Zomo, don ya gwada.

Na dama ya yi kira, kaska ta amsa, na hagu ya ƙwalla ihu. Kantin duka ya zabura. Anti ta runtse ido, yara suka toshe kunne, har na bakin titi suka waiwayo. Manajan bai janye hannunsa ba. Ya bar ta a wurin, ihun na ta tafiya, saboda ya ga wani abu: mutum biyu a ƙasa, a tsakiyar ƙarar, ɗaya na goge wa ɗaya jini a natse, babu wanda ko gira ya ɗaga.

A cikin su biyun, mai injin ne ya fara lura. Idonsa ya bar bakin Zomo ya haura kafaɗarsa, ya bi fuskokin da ke tsaye, sannan ya dawo kan Zomo ya tsaya, ya daɗe. Babu fushi a kallon, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Zomo ya juya a hankali. Ya ga kaska a hannun manaja, ya ga hannun Anti a goshi, ya ga ma'aikata da masu sayayya da masu babur ta bayan gilashi, duk ido a kansa. Wani mai gadin maƙwabta, wanda shi da kansa ya koya wa ƙa'idar, yana tsaye a bakin ƙofa baki buɗe.

Leɓen manajan ya motsa. Kalma biyu ce, ba ta da wuyar karantawa.

"Tun yaushe?"

Zomo ya juya ga mutumin, ya sauya wa hular gefe, don wancan ya jiƙe.